Mai Buɗe Saƙon Mutane

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar Lahadi da hantsi, a wani asibiti a Lyon, bayan jinyar kwana tara. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya jiƙansa.

Ni ban iya kewaye-kewaye ba, don haka zan faɗi abin da na ji a zaman makoki yadda na ji shi. Gidansa na Vaulx-en-Velin a gefen Lyon, hawa na shida, ya cika har takalma sun toshe ƙofar maƙwabta. Wasu daga nan Lyon, wasu sun biyo jirgin ƙasa daga Paris. Kowa ya shigo sai ya yi doguwar gaisuwa, ya shafa addu'a, ya zauna, sannan ya rage murya.

"Mutumin kirki ne," in ji wani dattijo ɗan Garwa, "amma ko 'yan duwan masu cajen kaya a kan iyaka ba su kai shi bincike ba."

"Allah ya yafe masa," in ji wata Hajiya 'yar Cadi, "amma ya taɓa zazzage mini duro har ƙasa. Har abin da mace ba ta nuna wa namiji."

"Akwai riƙon salla, amma bai yarda da kowa ba."

Amma, amma, amma. Na kusa in ce musu wanda ya gama addu'a ga ƙofa nan. Tanti, matar Kawu, ta kama mini hannu ta zaunar da ni. Ita ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ranar Talata da aka binne shi, cikin akwati kamar yadda dokar ƙasar nan ta ce, ta raɗa mini cewa da yana da baki da sai ya sa an buɗe murfin an duba ko shi ne a ciki. Muka yi dariya cikin mayafi, sai dariyar ta juye mata.

Ga wanda bai san shi ba, bari in faɗi aikinsa. Mutanenmu da ke nan suna aika kaya gida, a kwali ko a shuɗin duro na roba. Kawu ke tattarawa. Duk mako biyu ya ja motarsa zuwa Paris, ya zagaya unguwar Château Rouge, ya kwaso, ya haɗa da na Lyon a wani depo, wato ɗakin ajiya, da yake haya. In sun isa cika kwantena, babbar mota ta zo ta kai tashar jiragen ruwa, daga nan sai Lome ko Kwatano ko Duwala. Ni ke masa takardu tun da na bar makaranta, saboda idonsa ya yi rauni kuma na'urar rubutu tana ba shi haushi. A takarda akwai layin da ake faɗin abin da ke ciki. Kowa effets personnels yake so a rubuta masa. Mu a bakinmu, kayan gida.

Mu kuwa an rene mu a kan cewa saƙo amana ne. In aka ba ka ƙunshi ka kai wa wani, ko girgiza shi ba ka yi. Kawu shi ne Bahaushe ɗaya da na sani da ke karɓar saƙo ya ce bismillah ya yanka tef ɗin. Yana da 'yar wuƙa mai rawayar ƙota a aljihun gaba. Ya kafa labule a kusurwar depo. Mai kaya ya shiga, shi ya shiga, a fito da komai, ya dudduba, ya mayar ya ninke da hannunsa. In mai kayan yana Paris, a bayan shago ake yi ko cikin motarsa. Batir, tukunyar gas, gawayi, fenti, turaren fesawa, injin wuta da sauran mai a tankinsa, duk gefe yake ajiye su, ya ce a koma da su. Ba ya faɗa, ba ya ba da haƙuri.

Ɗan Damagaram ne, inda ruwan sha ma sai an yi sammako. Ya bi motar albasa zuwa Kwatano yana saurayi, ya ga teku, bai koma ba. Ya yi shekaru a jiragen dakon kaya, daga mai goge baƙin mai a ɗakin inji har ya hau sama. Ko bayan ya bari, jirgin bai bar shi ba. In ya shiga gidan mutum, kafin ya amsa gaisuwa ya riga ya ga inda ƙofar fita take. Ba ya barin waya a caji ya fita salla. Wayarsa cike take da hotunan jiragen ruwa da wuta ta kama suna hayaƙi, kuma ni ce ke shan kallo.

"Ke, zo ki gani."

"Kawu, ka nuna mini wannan jiya."

"Wancan daban, wannan daban. Ai maganar kenan."

Yakan ce a zamaninsu ruwa suke tsoro. Jirgi tsoho, tsatsa ta cinye, hadari ya taso, sai a ji ya nutse da kowa. Yanzu ana ganin hadari tun yana nesa, nutsewa ta yi sauƙi. "Wuta ce ta rage mana," in ji shi. "Jirgi ya yi girman unguwa, mutanen ciki ba su cika bas ɗaya ba. Akwati kan akwati kan akwati, kuma ba wanda ya san abin da ke ciki sai abin da takarda ta faɗa. Takardar kuma ke kike rubuta ta."

Ina jin sa ina danna wayata. Ba zan yi ƙarya ba don ya mutu.

Akwai tabon ƙuna a hannunsa na hagu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na daɗe ina zargin man suya ne a kicin ɗin jirgi, ya mayar da shi labari. Wata rana na faɗa masa haka, don bakina ba ya riƙe abu. Bai yi fushi ba. Ya ce kwantena ce ta fara hayaƙi suna tsakiyar teku, kyaftin ya duba takarda, takarda ta ce kayan gida. Abokinsa, wani ɗan Kamaru da suke cin abinci a kwano ɗaya, ya ja tiyon ruwa ya matsa kusa, tunda tufafi ne da tukwane. Shi yana bayansa da taku uku sanda ta fashe.

"Me ke ciki?" na tambaya.

"Har yau ban sani ba. Shi ma mai kayan bai san ya kashe kowa ba. Wataƙila yana can yana salla a sahun gaba."

Bai ƙara ba, ni ma ban sake cewa man suya ba.

Rigimarsa da Alhaji a gabana aka yi. Alhaji yana da shagon shadda da atamfa a Château Rouge, kuma shi da Kawu sun san juna tun kafin a haife ni. Ranar na raka Kawu Paris. Kwali huɗu Alhaji ya jera, Kawu ya zaro wuƙa.

"Haba Malam. Shekara nawa muna cin tuwo tare? Ni za ka caje?"

"Ba kai nake cajewa ba, Alhaji. Kwali nake cajewa."

A ƙarƙashin shaddar kwali na uku, gwangwanayen turaren fesawa ne jere. Alhaji ne da kansa ya ɗaga murya har masu kitso na shagon kusa suka leƙo. "Turare ne! Yaushe turare ya fara kashe mutum?" Kawu ya ɗauki ɗaya, ya fita bakin titi, ya ari ashana wurin mai gasa masara, ya fesa. Wuta ta yi tsalle kamar tsawon hannu. Masu kitso suka yi ihu, mai masara ya zage shi da Faransanci. Kawu ya dawo ya miƙa wa Alhaji gwangwanin ya ce, "Ƙamshinsa da daɗi." Wata huɗu ba su yi magana ba. Tun ranar ni kuma na sa wa Alhaji ido.

A zaman makokin, wata mata 'yar Maraɗi da ba ta ce uffan a falo ba ta same ni a kicin. Ta ce shekara shida Kawu na buɗe duronta. Ya san abin da take aikawa gida tsofaffin tufafi ne da take tsinta, alhali tana faɗa wa mata sababbi ne daga kanti. Yakan ninke mata su kamar na kanti, ya sa takarda tsakani. "Ko matarsa bai faɗa wa ba," in ji ta. "Na gwada ta sau biyu, ba ta sani ba." Sai a lokacin na lura cewa duk masu "amma" na falo, su ke faɗin abin da aka gani a kayansu. Daga bakinsa ban taɓa jin ko ɗaya ba.

To, ga abin da ya hana ni zama. Kawu ya bar kwantena ta kusa cika. Motar da za ta ɗauka ranar Alhamis da safe za ta zo, kuma in ta wuce jirgin ya wuce, kayan sallar mutane da yawa su kwana a depo. A cikin kwana taran jinyarsa an ci gaba da kawo kaya, Tanti na ba da makulli. Ba wanda ya buɗe su. Takarda kuma tana jiran sa hannuna, ni kaɗai, don ba Kawun da zai ce ya gani da idonsa.

Na je depon ranar Litinin na duba. Guda shida na ƙirga. Biyar kwalaye ne marasa nauyi. Na shida duro ne mai sunan Alhaji, an naɗe bakinsa da tef har ba a ganin murfin, na tura shi da ƙafa ko motsi bai yi ba. Washegarin ranar da aka kwantar da Kawu ya iso. Washegari fa. Mutumin da ya san za a buɗe masa, ya ji mai buɗewa ya kwanta, sai ga duro.

Ranar Laraba bayan addu'a, Alhaji ya tsaya a tsakiyar falo ya ce, "Jama'a, babbar sadakar da za a yi wa mamaci ita ce a cika masa amanarsa. Kada kwantenar nan ta makara. Ɗiyata, ki sa hannu kawai a rufe." Kowa ya ce haka ne, haka ne. Inna ma ta ce haka ne, da ƙarfi.

Na ce, "Sai na buɗe duronka, Alhaji."

Inna ta ce, "Ke! Uban wa ya aike ki?" Tanti ta tashi ta shiga ɗaki. Na ɗauka fushi ta yi, sai ta fito da wuƙar mai rawayar ƙota, ta ajiye kan tebur kusa da dabino, ta koma ta zauna.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Bon. Mu je."

Mu huɗu muka tafi bayan azahar: ni, Alhaji, Inna da Tanti. Inna tana ta ba shi haƙuri a mota, tana cewa tarbiyyar ƙasar nan ce. Da muka isa ban ma tuna da labule ba. A tsakiyar depo na yanka tef ɗin, ina sauri, don na riga na san abin da zan gani. Shadda. Takalma. Tukwane cikin tukwane, su ne nauyin. Na ci gaba da fitarwa ina jefawa gefe har na kai ƙasa. Abin da ke ƙasan ba zan rubuta ba. Ba abin ƙonewa ba ne, ba abin haram ba ne. Abu ne na rashin lafiyar wani nasa da bai so a sani ba, ni kuma na ɗaga shi sama a gaban mata biyu.

Alhaji ya karɓe shi daga hannuna a hankali, ya mayar. Ya ce, "Kawunki ya fi shekara ashirin yana buɗe mini kaya. Na yi fushi, na yi zagi, amma ban taɓa jin kunya ba sai yau. Kin san dalili?"

Na sunkuya na fara tattara kayan da na jefar, shi kuma ya ci gaba.

"Shi kowa yake buɗe wa. In matarsa za ta aika sabulu sai ya buɗe. Ke kuwa ni kika zaɓa."

Tanti ta ce, "Da nawa yake farawa. Kullum."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Amma kunya ba ta cika takarda. Na ce to, duka za a buɗe. Na kira masu kwalayen biyar ɗaya bayan ɗaya, na gajarta gaisuwa, na ce zan buɗe, wanda bai yarda ba kayansa su jira. Biyu sun zage ni, duka sun yarda. Wannan karon na ja labule. Alhaji bai tafi ba. Ya zauna kan duronsa yana yanko mini tef da haƙori, ba ya kallona. Kwalayen biyar lafiya lau, ban da wani gwangwanin maganin sauro da na cire.

Na ce an gama. Alhaji ya nuna da haɓa. "Wancan fa?"

Kwali ne a jikin bango, da rubutun hannuna a kai. Na Inna ne, zuwa ga yayana a Damagaram. Ni na rubuta sunan a gida, ni na rubuta kayan gida, ni na ɗauko shi a bas ranar da Kawu ya cika kwana uku a asibiti. Ranar Litinin na tsallake shi da ƙafata ina ƙirga shida.

"Wannan nawa ne," in ji Inna. "Zannuwa ne da 'yan tarkace."

"Zan buɗe, Inna."

"Ni? Ni da na haife ki?"

"Mu shiga labule."

Ta shiga tana huci. Zannuwa ne a sama, gaskiya. A ƙasa, naɗe cikin zane uku, batura huɗu ne na kekunan lantarki irin na tsaye da samari ke yawo da su. Tsofaffi. Ɗaya ya kumbura kamar burodi, an ɗaure tsagarsa da tef. Wani maƙwabcinmu mai gyaran kekunan ne ya ba ta, yayana kuma ya ce in sun iso zai haɗa su da faifan hasken rana, saboda wuta ba ta zama a unguwarsu kuma matarsa na da jariri.

"Inna, wannan fa shi ne abin da Kawu ya fi tsoro. In ya kama, ruwa ma da ƙyar yake kashe shi."

"Ai kayan gida ne," in ji ta. "Gidan za su haska. In ba kayan gida ba, kayan ina ne?"

Kuma a Hausarta ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Na tambaye ta me ya sa ba ta kawo ba sai da Kawu ya kwanta. Ta ce lokacin ta same su. Na tambaye ta me ya sa zane uku. Ta ce kada su fashe. Wataƙila haka ne. Uwata ce, ba zan ce ba haka ba ne. Amma ni na san yadda ta ce "haka ne" a falo.

Na fito da baturan. Na ɗauka Alhaji zai rama, don ya samu dama. Bai ko dubi Inna ba. Ya tashi ya ɗauko bokitin yashi da Kawu ke ajiyewa a bakin ƙofa, wanda na sha yi masa tsiya a kai, ya ce, "Sa su nan, nesa da kwalaye. Gobe a kai inda hukumar gari ke karɓar irinsu." Sannan ya ce wa Inna, "Hajiya, akwai masu sayar da batir na hasken rana a Damagaram. Ƙanena ya san su. Zan kira shi."

Na zauna na sake rubuta takardar, kaya bi da kaya, shadda a ce shadda, tukunya a ce tukunya. Ta yi tsawo har mutumin ofishin tasha ya kira yana tambaya ko sabuwa ce ni. Na ce eh. Na sa hannu. Motar ta zo Alhamis da safe ta tafi.

Inna kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce in zan rubuta wani abu kan yayanta, in sa nata a ciki, don ta ji matan unguwa uku suna shirin aika irinsa. Shi ya sa kuka ji nata ba ku ji na Alhaji ba. Alhaji na kira shi na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, bai ce ya wuce ba. Makon jiya kwalinsa ya iso daga Paris ɗaure da igiya kawai, ba tef. Na buɗe shi duk da haka, amma sai da na fara da na Tanti.

Ban san sunan ko mutum ɗaya a jirgin da ya ɗauki kwantenar Kawu ta ƙarshe ba. Su ma ba su san shi ba, ba kuma za su taɓa sanin akwai wani tsoho mai tabo a hannu da ya yarda a riƙa ce masa "amma" har a kan tabarmar makokinsa saboda su ba.

Ya Allah, ranar da za a buɗe kayan kowa, Ka buɗe na Kawu a bayan labule, kuma abin da Ka gani kada Ka faɗa wa kowa.